Tambayoyi da amsoshi kan lissafin masu gudu biyu da sunka doshi juna

Salamu alaikum jama'a. Ni malamin lissafi ne nan Birnin Kebbi, da safe makaranta, bayan la'asar kuma lesin da yaran da ke shirin WAEC da NECO da JAMB. Duk shekara in jarabawa ta matso tambayoyi iri guda ke dawo min, wasu cikin aji wasu ta WhatsApp da tsakar dare, har bakina ya gaji da maimaici, shi ya sa na ce bari in tara su wuri ɗaya kowa ya karanta abinshi. Tambayoyin na bar su kusan yadda anka yi min su. Masu gudun namu su biyu ne, Dogo da Gajere, da su muke aiki ga allo tun da daɗewa, kada wani ya ce da shi nake.

Tambaya: Malam wai mi ake nufi da rilatif sifid ɗin nan? Ni sunan kaɗai ke sa kaina ya yi zafi.

Sunan ne ke da ban tsoro ɗana, abin kanshi ba komi ba ne. Ni a aji ina ce mashi gudun cin tazara. Ka daina kallon masu gudun, ka kalli filin da ke tsakaninsu, ka tambayi kanka, duk sakan ɗaya nawa ake ci daga cikinshi? Shi ke nan.

A ce Dogo na wanga kai na hanya, Gajere na wancan kai, tsakaninsu mita 900. An busa usur sun taso sun doshi juna. Dogo shina cin mita 5 duk sakan, Gajere mita 4. Bayan sakan ɗaya Dogo ya gutsure 5 ta nan, Gajere ya gutsure 4 ta can, saura 891. Wani sakan, saura 882. Wani kuma, 873. Ka ga tara-tara take raguwa. To tarar nan ita ce abin da littafi ke ba dogon suna. Sau nawa za a cire 9 daga 900 kafin ta ƙare? 900 ÷ 9 = 100. Sakan 100 za su gamu, wato minti ɗaya da sakan 40.

Tambaya: To don mi ake tarawa? Ni sai in ga tunda sun saɓa hanya kamata ya yi a ɗebe.

Wagga tambaya ta fi kowace zuwa, kuma ina son ta, don mai yin ta tunani yake ba hadda ba. Ka taɓa zuwa gayya? Mutum biyu sunka kama kunya ɗaya, wani ya faro daga gabas wani daga yamma, kowa na noma shina matsowa. Kunyar za ta fi saurin ƙarewa ko za ta fi daɗewa? Ai ko yaro ya san da wuri za a gama, don aikin mutum biyu ne ke cin kunya guda. Wanda ya nome taku 5 da wanda ya nome taku 4, taku 9 sunka rage ma kunyar. Babu inda ɗebewa ta shigo nan, taimakon juna suke ko da ba su yi niyya ba.

Abin da ke rikita ku shi ne a darasin fiziks an ce maku in wani ya yi gabas a ba shi alamar tarawa, wanda ya yi yamma a ba shi alamar ɗebewa, sannan a ɗebe ɗaya daga ɗaya. To ai 5 − (−4) tara ne dai. Hanyar ce daban, masauki guda. In alamomin na juya maka kai ka bar su, ka koma ga kunya.

Tambaya: To yaushe ake ɗebewa ke nan?

In wani na bin wani, fuska guda sunka dosa. Gajere na gaba da mita 60, Dogo na bayanshi. Duk sakan Dogo ya ci 5 daga tazarar, amma Gajere ya ƙara mata 4 don shi ma gaba yake yi. Ribar Dogo mita 1 tak. Sai ya yi sakan 60 kafin ya cim mashi, ya sha gudun mita 300 don rufe tazarar mita 60. Kamar mai biyan bashi ne ana ƙara mashi wani bisa, biya yake amma da ƙyar ake ganin ragi.

Akwai na uku da ba a cika faɗa maku ba: sun ba juna baya kowa ya kama gabanshi. Nan ma tarawa ake, sai dai tazarar ƙaruwa take maimakon raguwa.

Tambaya: Malam ni na tara gudun na raba biyu na samu 4.5, na raba 900 da shi ya ba ni sakan 200. Ina kuskurena?

Ɗiyata kin yi lissafin mutum ɗaya ne mai matsakaicin gudu wanda zai taka hanyar duka shi kaɗai daga farko har ƙarshe. Mu kuwa mutum biyu gare mu suna raba aikin, shi ya sa amsarki ta ninka ta gaskiya daidai sau biyu. Gwada ki gani: cikin sakan 200 Dogo ya yi mita 1,000, hanyar duka 900 ce, ya wuce Gajere tun tuni ya ma fita daga filin. Ki riƙa yin wanga gwajin duk sadda kika samu amsa, ki ba kowa lokacin ki ga nisan da ya yi, in kin haɗa su dole su ba ki tazarar farko cif.

Tambaya: In an ce a ina za su gamu fa, ba yaushe ba? Ba tsakiyar hanya ba ne?

Tsakiya sai in gudunsu ɗaya kuma tare sunka taso. Mai sauri dole ya ci kaso babba. Lokaci mun riga mun samu, sakan 100. Dogo 5 × 100 = mita 500, Gajere 4 × 100 = mita 400, haɗa ka ga 900. Wurin gamuwa na da mita 500 daga inda Dogo ya taso, ya gota tsakiya da mita 50.

Akwai 'yar gajeruwar hanya ga masu JAMB. Tunda lokacinsu ɗaya ne, hanyar za ta rabu yadda gudunsu yake, 5 da 4. Kasa 900 kashi tara, kowane kaso 100, Dogo ya ɗauki biyat Gajere huɗu, kamar rabon ribar kasuwanci gwargwadon jarin kowa. Ba ka ma buƙatar lokacin. Kuma don Allah ku duba daga wane kai anka ce a auna, na sha ganin yaro ya yi komi daidai ya rubuta 400 alhali daga wajen Dogo ake tambaya, maki ya tahi a banza.

Tambaya: Wadda ke kashe ni ita ce in ɗaya ya riga ɗaya tashi. Nan kam sai in tsaya ina kallon takarda.

To nan za mu ɗan zauna don nan ne mafi yawa ke zubewa. Dokar tarawa ba ta fara aiki sai su biyun duka suna gudu. Kafin nan mutum ɗaya ke noman kunyar. Don haka ka raba labarin gida biyu, kafin na biyu ya taso da bayan ya taso.

A ce Gajere ya riga tashi da sakan 45. Cikin wanga lokaci shi kaɗai ya ci 4 × 45 = mita 180. Saura 720 a lokacin da Dogo ya ɗaga ƙafa. Yanzu ne tara za ta shigo, 720 ÷ 9 = sakan 80. To sai tarko na biyu, sakan 80 daga yaushe? Daga tashin Dogo. In tambayar ta ce bayan tashin Gajere da nawa sunka gamu, amsa 45 + 80 = 125 ce. Masu saita tambaya sun san haka sarai, za ka ishe 80 da 125 duk suna cikin zaɓin, kowane na yi maka murmushi.

Ka lura da wani abu mai daɗi nan, Gajere ya yi 4 × 125 = mita 500, Dogo 5 × 80 = mita 400. Abin ya juye, mai nawar ne ya ci kaso babba saboda sammako. Wannan ma ya isa ya gwada maka cewa 'yar gajeruwar hanyar nan ta kasafi ba ta aiki kai tsaye in ba tare anka taso ba, sai ka fara cire abin da mai sammako ya ci, sannan ka kasa ragowar.

In agogo anka ba ka, misali wani ya taso ƙarfe 7:00 wani 7:20, abin ɗaya ne, minti 20 ɗin nan kashi ɗaya cikin uku ne na awa, ka nemo abin da na farko ya ci cikinta, ka cire, ka raba ragowar, sannan ka aza amsar bisa 7:20 ba bisa 7:00 ba.

Tambaya: In ɗaya ya tsaya hutawa tsakiyar hanya fa?

Yanka labarin gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa da nata gudun cin tazara. Sun yi sakan 50 tare, sun ci 450, saura 450. Sai takalmin Gajere ya kwance ya tsaya ɗauri sakan 18, Dogo kaɗai ke aiki, ya ci 90, saura 360. Sunka ci gaba tare, 360 ÷ 9 = 40. Jimla 50 + 18 + 40 = sakan 108.

Tambaya: Malam kalkuleta ta ba ni 0.25, na rubuta minti 25, anka soke min. Ba a zalunce ni ba?

Wallahi ba a zalunce ka ba, kai ka zalunci kanka. Tambayar na san irinta, kilomita 5 tsakani, wani na 12 a awa wani 8 a awa, 5 ÷ 20 = 0.25. Amma 0.25 na awa ne, rubu'in awa ke nan, minti 15. Awa minti 60 gare ta ba 100 ba, ba naira da kwabo ba ce. Duk ɗigon da ka samu a awa ka ninka shi da 60. 0.5 minti 30, 0.75 minti 45, 0.1 minti 6.

Tunda an taɓo ma'auni bari in ƙarasa. Wani lokaci da gangan za su ba ka gudun ɗaya da kilomita a awa, na ɗayan da mita a sakan, tazara kuma da kilomita. Ba ka haɗa mudu da tiya ka ce biyu ne, sai ka maida su ma'auni guda. Kilomita mita 1,000 ce, awa sakan 3,600, in ka rage 1,000 bisa 3,600 zai koma 5 bisa 18. Don haka kilomita a awa in za ta koma mita a sakan ka ninka da 5 ka raba da 18, in komawa za ka yi ka juya shi. Kilomita 18 a awa mita 5 ce a sakan, 36 ta zama 10, 72 ta zama 20, waɗanga ukun ka riƙe su a ka. Misali: tazara kilomita 1.2, wani na kilomita 18 a awa, wani mita 3 a sakan. 5 + 3 = 8, tazara mita 1,200, raba ka samu sakan 150, minti biyu da rabi.

Tambaya: Ta yaya zan san amsata ta yi hankali tun ban bar ɗakin jarabawa ba?

Ka san iyakar gudun ɗan Adam. Usain Bolt na Jamaika ya yi mita 100 cikin sakan 9.58 a Balin ta Jamus a 2009, in ka raba bai kai mita 10 da rabi a sakan ba, kimanin kilomita 37 da ɗoriya a awa. Kelvin Kiptum na Kenya ya yi dogon tseren nan na kilomita 42.195 cikin awa 2 da sakan 35 a Shikago a 2023, wato kusan kilomita 21 a awa, bai cika mita 6 a sakan ba. To in lissafinka ya ce Gajere na gudun mita 45 a sakan, ai ba mutum ba ne wannan, aljani ne, ka koma ka duba inda ka manta 5 bisa 18. Haka in tare sunka taso sun doshi juna ba wanda ya tsaya, sai lokacin gamuwa ya fi lokacin da mai saurin zai yi ya gama hanyar shi kaɗai, akwai ɓaraka.

Tambaya: In an ɓoye gudun ɗaya an ba ni lokacin gamuwa fa?

Baya-baya za ka bi. Tazara mita 1,400, sun gamu bayan sakan 200, ke nan su biyun tare suna cin 1,400 ÷ 200 = mita 7 duk sakan. In ɗaya na da 4, ɗayan 3 gare shi.

Wani salon kuma a ce ɗaya ya fi ɗaya da kilomita 2 a awa, tsakaninsu kilomita 24, sun gamu bayan awa ɗaya da rabi. 24 ÷ 1.5 = 16, shi ne jimlar gudunsu. Ka kira na ƙaramin x, na babban x + 2, sai 2x + 2 = 16, x = 7. Bakwai da tara ke nan.

Tambaya: Akwai wata da ta ce yaushe tazararsu za ta zama mita 90, na ce sakan 90, abokina ya ce 110, mun yi ta gardama har anka kira magariba. Wa ya ci?

Ku raba goron. Da mita 900 ɗinmu, kafin su gamu, an ci 810 saura 90, 810 ÷ 9 = sakan 90. Bayan sun gamu sun gifta juna, tazarar ta sake buɗewa tara-tara, sakan 10 ta kai 90, wato sakan na 110. In tambayar ta ce karo na farko kai ka ci, in ta ce bayan sun wuce juna abokinka ya ci, in ba ta faɗa ba kuma ba zaɓi ba ce ka rubuta duka biyun ka yi bayani.

Tambaya: To na zagayen filin wasa fa? Can ai babu kai babu gindi.

Mu nan in an ce filin wasa, filin Haliru Abdu na nan Birnin Kebbi ke faɗo muna a rai. Layin tsere na ƙa'ida, na can ciki, zagaye ɗaya mita 400 ne, shi ya sa kuke yawan ganin 400 cikin tambayoyi. In su biyu sun tsaya wuri guda sun ba juna baya sunka ruga, ta wancan gefen ai juna sunka dosa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ce zagayen duka. Ka ɗauka igiya ce anka ƙulla bakinta, kwance ta ka miƙe ta, ta koma hanyarmu ta farko.

Dogo mita 5, Gajere wannan karon mita 3. 400 ÷ 8 = sakan 50. Da sun gamu wasan ya koma sabo, suna wuri guda sun ba juna baya, wani sakan 50 su sake gamuwa, haka har su gaji. Gamuwar farko Dogo ya yi mita 250, Gajere 150.

Inda ake ƙure yara shi ne in an ce yaushe za su sake gamuwa a daidai wurin da sunka taso. Wannan wata tambaya ce daban, dole kowa ya cika zagaye ba guntu. Tunda gudunsu 5 da 3 ne, sadda Dogo ya cika zagaye biyat Gajere ya cika uku, Dogo ya yi mita 2,000 ke nan, sakan 400. Kuma gamuwa ta takwas ce, 5 + 3. In da fuska guda sunka bi kuwa, sai Dogo ya ba Gajere ratar zagaye ɗaya cur kafin ya iske shi, 400 ÷ 2 = sakan 200.

Tambaya: Malam ni malama ce a wata makaranta a Jega, ɗalibaina sun kawo min wadda masu gudun ke kaiwa ƙarshe su juyo su sake gamuwa. Akwai hanya mai sauƙi ta koyar da ita?

Akwai Malama, kuma ki zana masu ga allo kada ki ba su fomula. Gamuwar farko su biyun tare sun taka tsawon hanya sau ɗaya. Daga nan kowa ya ƙarasa zuwa ƙarshe, tare sun ƙara tsawon hanya ɗaya, biyu ke nan. Sunka juyo sunka sake dosar juna, wani tsawon hanya ɗaya. Jimla sau uku. Yara da yawa biyu suke cewa, sai kin bi layin da alli a hankali sannan su yarda. Da mita 900 ɗinmu, 2,700 ÷ 9 = sakan 300. Dogo ya yi 1,500, wato ya kai ƙarshe ya dawo 600, saura mita 300 ya koma inda ya taso. Gajere ya yi 1,200, ya kai inda Dogo ya taso ya juyo 300. Wuri guda sunka nuna.

Sai dai ki kiyaye abu ɗaya, in mai saurin ya fi ninkin gudun ɗayan, zai kai ƙarshe ya juyo ya cim ma mai nawar ta baya tun bai kai nashi ƙarshen ba, to a nan sau ukun ba ta aiki. Ni kaina na taɓa saita wa yara irinta a gwaji ban duba ba, wata yarinya shiru-shiru ta kama ni gaban aji, na sha kunya ranar amma na ji daɗi.

Tambaya: Wadda kare ke kai da kawowa tsakaninsu fa? Na cika shafi biyu ban gama ba.

Ba za ka gama ba ko littafi ka cika, don zirga-zirgar karen ƙara gajarta take ba ta ƙarewa a takarda. Kare na gudun mita 8 a sakan, ya taso tare da Dogo, ya kai ga Gajere ya juyo, ya kai ga Dogo ya juya, har su gamu, wai mita nawa ya yi? Rabu da juye-juyenshi. Sakan nawa ya yi shina gudu? Daidai lokacin da sunka ɗauka kafin su gamu, 100. 8 × 100 = mita 800. An gama.

Ana ba da labarin wani gawurtaccen masanin lissafi, John von Neumann, cewa an taɓa yi mashi irin wagga tambaya da ƙuda a maimakon kare, ya ba da amsa nan take, mai tambayar ya ce ashe ka san dabarar, shi kuwa ya ce wace dabara, tara zirga-zirgar na yi a kai. To kai ba shi ba ne, ni ma ba shi ba ne, mu bi ta gajeruwar hanya.

Tambaya: Mu 'yan Yawuri kwalekwale muka sani. In jirage biyu sun doshi juna cikin gulbi, ruwa ba ya ɓata lissafin?

Madalla da wagga tambaya, ta mutanen Rigata ce, bikin wasannin ruwa na Yawuri. Ruwan na tura ɗaya shina danne ɗaya, kuma abin da ya ƙara ma wancan shi ya rage ma wannan, sai su kashe juna. A ce a kwantaccen ruwa ɗaya na yin kilomita 6 a awa ɗayan 4, ruwa kuma na tafiya da 2. In mai 6 ne ke gangarowa ya zama 8, mai hawa ya koma 2, jimla 10. In an juya, 4 da 6, jimla 10 dai. Tazarar kilomita 5, rabin awa za su gamu ko da ruwa ko babu. Abin da ruwa ke canzawa wurin gamuwar ne, ya janye shi ƙasa. Babu ruwa mai 6 zai yi kilomita 3, da ruwa a bayanshi ya yi 4.

Tambaya: Malam ni uba ne, direba nake, yarona ya gwada min shafin nan. Ban da cin jarabawa mi wanga lissafi ke amfana wa mutum?

Alhaji ai ku ya fi shafa, kullum kuna yin shi bisa titi ba tare da biro ba. Duk sadda ka fito za ka yi obatekin ɗin tirela a hanyar Jega ko ta Argungu ka hango mota tahe, wanga lissafin ne ke tsakaninka da lahira. Kana kan 100, shi mai zuwa shina kan 80, tazararku na ƙarewa da gudun kilomita 180 a awa, mita 50 ke nan duk sakan ɗaya. Motar da ka hango can rabin kilomita, wadda ido ke ce maka tana da nisa, sakan 10 ne tsakaninku. Kai kuma tirelar da kake son wucewa fuska guda kuke, ɗebewa ake, in tana kan 80 ribarka kilomita 20 ce a awa, bai kai mita 6 a sakan ba, ga tsawonta ga ratar da za ka bari gaba da baya. Wanda ke zuwa da tarawa yake zuwa, wadda kake wucewa da ɗebewa kake wuce ta. 'Yan kabu-kabu ma ya kamata a zaunar da su a yi masu wanga karatu, Allah dai shi tsare.

Tambaya: Wani ɗan ajinmu ya ce wai Einstein ya ƙaryata tara gudu. Gaskiya ne?

Ya ji ƙamshin magana. A 1905 Albert Einstein ya nuna cewa in abubuwa na gudu kusa da gudun haske, kimanin kilomita 300,000 a sakan, gudun da ɗaya ke ganin ɗayan da shi ba ya fita da tarawa kai tsaye. Ga Dogo da Gajere da motar Alhaji bambancin ƙanƙane ne har babu agogon da zai kama shi. Ka gaya mashi ya tara abinshi a WAEC.

Tambaya: Ta yaya zan rubuta don kada maki ya zube?

Ya danganta da jarabawar. A JAMB tambaya 180 ce cikin awa biyu, in ka raba sakan 40 ke kan kowace, kuma ba mai ganin aikinka, don haka ka yi ɗan zane a takardar da anka ba ka, tara, raba, duba ma'auni, wuce. A takardar rubutu ta WAEC da NECO kuwa hanya ma tana da makinta, wanda ya jefo amsa tsirara ya yi asarar mafi yawa ko da ta yi daidai. Ka ja layi, ka sa kibiya biyu suna kallon juna, ka rubuta tazara bisa, gudun kowa ƙarƙashin kibiyarshi. Ka ce t shi ne lokacin gamuwa, nisan Dogo 5t, na Gajere 4t, sannan 5t + 4t = 900, 9t = 900, t = 100, ka sa sakan a gaba kada ka bar lambar tsirara. In da mai sammako ne sai ta zama 5t + 4(t + 45) = 900, ka warware ka ga 80 ta fito.

Turancin tambayar ma shi ke kada wasu ba lissafin ba. Kafin ka taɓa lamba ko ɗaya ka nemo kalmar da ke gaya maka ina kowa ya dosa, ka ja mata layi, ka faɗa ma kanka labarin da Hausa a zuci. In ka iya ba ƙanenka labarin ya gane, rabin aikin ya ƙare.

Tambaya: A ba mu ɗaya mu gwada mana Malam.

To ga ta. Dogo da Gajere na da kilomita 3 tsakaninsu. Gajere ya taso ƙarfe 6:00 na safe da gudun kilomita 9 a awa, Dogo ya tsaya shan koko bai taso ba sai 6:04, shi kuma mita 4 yake ci a sakan. Ƙarfe nawa za su gamu, kuma mita nawa daga inda Dogo ya taso? Tarko biyu na sa ciki, na ma'auni da na sammako. Wanda ya gama ya gwada amsarshi da kanshi, nisan su biyun ya haɗu ya ba da 3,000, in ya ga 'yan ɗigo a sakan kada ya tsorata, da gangan na ƙi sa lambobin da ke rabuwa cif. Ku kawo min ranar Asabar bayan la'asar, da aikin duka ba amsa kaɗai ba.